Lissafi a Bayan Kwalin Sabulu

Tasi'u ya iso Sankara daga Ringim ranar Laraba,
babur duk taɓo, saboda ruwan daren jiya.
Bai ɗaga kai ya dubi rufin da na tanadar wa farantai ba,
bai tambayi kuɗin adashin da na ƙulle a haɓar zani ba.
Kwalin sabulu ya yaga, ya lashi bakin fensir,
ya ce, "Uwale, lissafo mini masu cin wuta a gidan nan."

Na ce firiza, ita ce jarina,
zoɓo da kunun aya a cikinta suke kwana.
Ya durƙusa bayanta, ya share saƙar gizo-gizo,
ya karanto wat ɗari da hamsin.
Fanka biyu, sittin-sittin.
Ƙwai huɗu, goma-goma, har da na zaure.
Wayoyin 'yan unguwa da ke layi a kan tabarmata,
ya ba su ɗari, ya ja layi.
Ɗari huɗu da goma.

Na ce, "Ashe abin ba yawa.
Sayo mini inbata mai ɗari biyar, mu huta."

Ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan.
"Kin taɓa kallon shanu za su tayar da amalanken taki?
Tashin ne wuya.
In ta gangara, ko Ɗanliti ya tura ta.
Firiza in za ta tashi
sai ta nemi ninki biyar na abincinta,
na ƙiftawar ido kawai,
amma a ƙiftawar idon nan ake sanin ƙarfin wuya."
Ya sake lasar fensir. Dubu da 'yan kai.
"Sannan a bar mata wurin numfashi.
Ba a cika buhu har a rasa bakin ɗauri.
Dubu da ɗari biyar, a kan batir biyu,
bolt ashirin da huɗu."

Sai zuciya ta ɗebe ni.
Na ce ta Alhaji Sahabi mai injin niƙa dubu biyar ce.
Ya ce, "Raƙumi a turke, ko babu kaya sai ya ci.
Ta kwana tana tsotsar batir alhali kina barci.
Kuma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ki a kasuwa,
araha ba ta ado:
akwai wadda za ta sa fankarki gunji
kamar zuma ta shiga tulu."

Abu ɗaya ban faɗa masa ba.
Dutsen guga na lantarki, tsarabar 'yata daga Kano,
yana ƙarƙashin gado cikin ledarsa
shekara biyu yana jiran wuta.

Juma'ar farko na fiddo shi.
Shaddar Ɗanliti a shimfiɗe, na jona,
daidai lokacin firiza ta yunƙura.
Akwatin bango ya yi tsuwa sau uku,
fanka ta juya, ta juya, ta tsaya.
Gidan ya yi tsit, har ina jin kaji a bayan danga.

A waya bai yi faɗa ba.
"Me kika ɓoye mini?"
Na faɗa.
Ya ce, "Shi kaɗai ya kusa cinye rabon kowa.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Uwale.
Cire shi, kashe, ki kunna."

Na koma wa gawayi da tsohon dutsena mai murfin zakara.
Kwalin kuwa na kafe shi da ƙusa kusa da inbata,
fensirin ya fara dushewa, amma na haddace.
Cikin dare nakan farka in ji firiza ta yi nishi,
ƙwan zaure ya ɗan lumshe ido,
ya buɗe.
Sai in gyara kwanciya.
Gobe kasuwa, kuma zoɓo zai yi ƙanƙara.